Rabon Aiki a Taskar Ilimi: Daga Ma'aikatan Prony zuwa Mataimakan Inji (1791-2025)

Gabatarwa

Tun daga shekara ta 2023, masu kula da taskokin ilimi, wato gidajen ajiyar littattafai da takardun tarihi da kundayen bincike, suka shiga wata muhawara. Injunan harshe masu ƙirƙirarriyar basira sun iya karanta takarda, su taƙaita ta, su sa ta cikin ajinta, su amsa tambaya a kanta. Sai aka ce, maimakon a ɗora wa inji guda dukan wannan kaya, gara a raba aikin matsayi-matsayi: a naɗa mataimaki mai karɓar sababbin takardu, da mai rarrabawa, da mai ƙulla wannan takarda da waccan, da mai dubawa, da mai share abin da ya tsufa. Galibi ana gabatar da wannan tsari tamkar yau aka haife shi.

A cikin wannan ƙasida muna so mu nuna cewa dabarar ta haura shekara ɗari biyu, kuma an riga an gwada ta a kan mutane da katuna kafin a gwada ta a kan inji. Za mu bi sawunta daga Paris zuwa Ingila da Beljik, sa'an nan Amurka da kundin Wikipedia. Ra'ayin da muke karewa shi ne: yawan ma'aikata da kyawun sunayen matsayinsu ba su isa su tsare taska ba. Abu biyu ne suka tsare ta a duk inda ta tsaru: mai dubawa ya zama dabam da mai yi, kuma a sami wuri guda inda kowane aiki yake barin sawu. Maganar tana da nauyi, domin taska rijiya ce, kuma duk abin da ya faɗa cikinta yau, masu bincike na gobe ne za su sha shi.

1. Prony da masana'antar lissafi

Cikin shekara ta 1791 gwamnatin juyin juya halin Faransa ta naɗa injiniya Gaspard de Prony shugaban ofishin awon filaye. Sabon tsarin awo na goma-goma ya raba kwatar da'ira kashi 100 maimakon 90, saboda haka tsofaffin jadawalin lissafi suka daina amfani, sai an yi sababbi. An buƙaci logaritim na lambobi har 200,000, da ɗigo goma sha huɗu ko fiye bayan waƙafi. Ko da ya tara gwanayen ƙasar duka, rayuwarsu ba za ta ishi aikin ba.

Mafitar ta fito daga littafin Adam Smith na 1776, inda aka bayyana yadda mutum goma, kowa da nasa ɗan aiki, suke ƙera allurar ɗinkin kai 48,000 a yini. Prony ya ƙudurta ya ƙera lambobi kamar yadda ake ƙera allura. Ya kasa ma'aikata gida uku. Gidan farko masana biyar ko shida ne, har da Adrien-Marie Legendre, su ke zaɓen ƙa'idar lissafi. Gida na biyu mutum bakwai ko takwas ne, su ke sauya ƙa'idar ta koma takardun aiki masu gurbi-gurbi, kuma su ke duba abin da ya dawo. Gida na uku mutum 60 zuwa 80 ne, akasarinsu ba su san kome ba sai tarawa da ɗebewa. Ana ruwaito cewa da yawansu masu gyaran gashin manyan fada ne da juyin juya hali ya raba da sana'arsu. Charles Babbage, wanda ya yi bayanin wannan tsari cikin littafinsa na 1832, ya lura cewa masu ƙaramin sani ɗin nan sun fi masu zurfin ilimi ƙarancin kure.

Wannan sashe na labarin shi aka fi maimaitawa. Amma akwai wani sashe da muke ganin ya fi shi muhimmanci. Prony ya kafa ɗakin aiki biyu, kowane yana yin lissafin nan guda shi kaɗai, ba tare da ganin takardun ɗayan ba. Inda sakamako ya yi daidai a karɓa, inda ya saɓa a koma baya. Ya yarda ya ninka kuɗin aiki domin ya sayi tabbaci. An gama cikin 1801, manyan mujalladai kusan ashirin na rubutun hannu, kofi biyu. Tsadar ɗab'i ta hana a buga su cikakku. Sai a 1891 sashen taswira na sojan Faransa ya fitar da wani taƙaitaccen yanki.

2. Ƙamus na Oxford: falle da gurbi

Lambobin Prony suna da iyaka, amma kalmomin harshe ba su da ita. Cikin 1857 ƙungiyar masana harshe ta London ta yi shawarar tattara kowace kalmar Ingilishi da tarihinta. Aka roƙi masu sa kai su karanta littattafai, su kwafo jimloli a kan ƴan fallayen takarda. Shekara ashirin ana tarawa ba tare da mai tsaron ƙofa ba. Da James Murray ya karɓi aikin a 1879, abin da aka kawo masa ya kai nauyin kusan tan biyu. Wani buhu da mushen ɓera a ciki. Fallayen harafin H sai a birnin Filorans na Italiya aka gano su. Na kalmomin da suka fara da Pa an same su cikin wani bargan dawaki a Ailan, an riga an hura wuta da mafi yawansu. Akwai mai tarawa, babu mai ajiya. Taron tsintsiya ke nan, ba shara.

Murray ya gina wata rumfar kwano kusa da gidansa, ya sa mata gurabe 1,029 na jera fallaye. Ya tsayar da siffar falle guda ga kowa: kalmar a sama ta hagu, sa'an nan shekara, da marubuci, da sunan littafi, da shafi, da jimlar kanta. Ya kuma jera matsayi. Mai karatu ya aiko, mai jerawa ya sa bisa haruffa (ƴaƴansa goma sha ɗaya duk sun yi wannan aiki don ɗan kuɗin kashewa), ƙaramin edita ya kasa fallayen bisa ma'ana, mataimaki ya duba ya cike giɓi, edita ya yanke hukunci. Falle guda yakan bi ta hannu da yawa, kuma kowane lokaci ana iya komawa ga shafin da aka kwafo shi.

Darasi biyu muke ɗauka a nan. Na farko ya shafi umurnin da ake ba ma'aikaci. Masu karatun farko sun zaci baƙuwar kalma ake nema, sai suka riƙa tsallake kalmomin yau da kullum. Murray ya tarar da misali wajen hamsin na kalmar abusion, wadda kusan ba mai amfani da ita, alhali abuse da kowa ke faɗi ba ta sami biyar ba. Dole ya sake rubuta kiransa cikin 1879, yana roƙon a kwafo kalmomin gama-gari su ma. Ma'aikaci, mutum ne ko inji, abin da ya fahimta daga umurni yake yi, ba abin da ke zuciyar mai umurnin ba.

Na biyu ya shafi abin da ya ɓace. Fallayen kalmar bondmaid sun salwanta, aka buga mujalladin farko a 1888 babu ita, kuma sai bayan shekara goma sha uku aka farga. Ta shiga ƙarin da aka yi a 1933. Duk masu dubawar suna duba abin da ke gabansu ne. Ba a naɗa wanda zai tambayi abin da ba ya nan ba. Aikin da aka yi wa tsammanin shekara goma ya ƙare a 1928, da kalmomi 414,825, shekara goma sha uku bayan rasuwar Murray.

3. Otlet da katunan duniya

Lauyoyi biyu ƴan Beljik, Paul Otlet da Henri La Fontaine, sun ɗauki buri mafi girma: kati guda ga kowane abin da aka taɓa bugawa a duniya. A taron da suka kira a Burusel cikin 1895 sun nuna kati 400,000. Kowane kati santimita 12.5 ne da 7.5. Ma'aikata, mata da yawa a cikinsu har da Léonie La Fontaine, suna yanko bayanai daga katalog na ɗakunan karatu da na masu sayar da littattafai, su liƙa ko su kwafa, wasu su sa lamba, wasu su jera cikin akwatuna. Akwai kuma masu amsa tambayoyi ta gidan waya: mutum ya aiko da tambaya da kuɗi, a kwafo masa katunan da suka dace. Wajen 1912 ana amsa tambaya kamar 1,500 a shekara. Zuwa 1934 katunan sun haura miliyon 15.

Abin da ya ba hannuwa da yawa damar yin aiki guda shi ne harshen lambobi. Otlet ya ɗauki tsarin rarrabawa na Melvil Dewey na 1876, ya faɗaɗa shi, aka fitar da cikakken bugu na farko tsakanin 1904 da 1907. A cikinsa 63 noma ne, (662.6) Nijar ce, saboda haka 63(662.6) noma ne a Nijar, ko da wane harshe mai jerawa yake ji. Mai sa lamba a Burusel da mai nema a wata ƙasa ba sai sun san juna ba.

Amma taskar ta dogara ga majiɓinci guda. Cikin 1934, shekarar da Otlet ya fitar da Traité de documentation, gwamnatin Beljik ta rufe ginin da ta ba shi. A 1940 sojojin Jamus suka kwashe kayan domin su yi nunin zane-zane a wurin, aka lalata da yawa, saura aka tura wani tsohon gini mai yoyo. Otlet ya rasu a 1944. Abin da ya tsira yana birnin Mons, inda aka buɗe gidan tarihi a 1998. Tsarin lambobin kuwa har yanzu ana aiki da shi a ɗakunan karatu na ƙasashe fiye da ɗari. Ke nan yarjejeniyar da ke tsakanin ma'aikata ta fi tarin da suka tara tsawon rai. Wanda zai naɗa mataimakan inji ya fara da tsayar da siffar bayani da kalmomin rarrabawa, domin injin da ya saya bana zai tsufa kafin su.

4. Aljanu da allo

Da kwamfuta ta zo, masana suka ɗauki wannan rabon aiki suka shigar da shi cikin injin kansa. A wani taro da aka yi a Teddington ta Ingila cikin 1958, Oliver Selfridge ya gabatar da tsarin da ya kira Pandemonium, wato dandalin aljanu. Don gane harafi, ƙananan aljanu suna kallon siffa ɗaya-ɗaya: wannan layi a tsaye, wancan lanƙwasa. Na samansu kowa yana wakiltar harafi guda, yana ihu gwargwadon yadda abin da ya ji ya yi kama da nasa. Na can ƙoli ya saurari wanda ya fi ƙara, ya yanke. Babu mai wayo a cikinsu, wayon yana cikin jerin.

Mataki na gaba ya fi kusa da batunmu. Tsakanin 1971 da 1976, a jami'ar Carnegie Mellon, ƙungiyar Raj Reddy ta gina Hearsay-II, injin da ke sauraron tambaya da baki domin ya nemo takardu cikin wata taskar taƙaitattun binciken kimiyyar kwamfuta, da kalmomi kamar 1,000. An kasa shi gwani-gwani: mai yanka sauti, mai haɗa gaɓoɓi, mai zaton kalma, mai duba nahawu, mai auna ma'ana. Ƙa'idar ita ce gwanayen ba sa magana da juna kai tsaye. Kowa yana rubuta zatonsa a kan allo guda, da ma'aunin yadda ya yarda da shi, wani ya karanta ya ƙarfafa ko ya raunana. Akwai kuma mai tsara layi, wanda ke zaɓen gwanin da zai yi aiki yanzu. Amfanin allon a fili yake: idan amsa ta fito karkatacciya, ana iya bin sawu har a kai ga wanda ya fara karkatar da ita, kuma ana iya sauya gwani guda ba tare da rushe saura ba. Allon nan jikan fallen Murray ne da katin Otlet. Littafin Marvin Minsky na 1986, wanda ya kwatanta hankali da al'ummar ƙananan ma'aikata, ya yaɗa wannan tunani har wajen ɗakunan gwaji.

5. Wikipedia da ƴan aikenta

Gwaji mafi girma a kan taska mai girma kullum shi ne Wikipedia, wadda aka buɗe a 2001. Cikin Oktoba 2002 wata ƴar manhaja mai suna Rambot ta ɗauki alƙaluman ƙidayar Amurka ta rubuta maƙala wajen 30,000 a kan garuruwa cikin ƴan kwanaki. Shafin da editoci ke lura da sababbin gyare-gyare ya cika, har ba a iya ganin aikin mutane. Daga nan aka kafa doka ga waɗannan ƴan aike da ake kira bot. Kowane sai ya nemi izini ga aiki takamaimai, a gwada shi a kan shafuka kaɗan, ya yi aiki da suna nasa na dabam, a san mutumin da ke da alhakinsa, kuma a iya tsayar da shi nan take. Wani bincike na 2019 ya ƙirga bot 1,601 a sashen Ingilishi, ya kasa su matsayi tara: mai ƙirƙira, mai gyara, mai ƙullawa, mai sa alama, magatakarda, mai adanawa, mai tsaro, mai ba da shawara, da mai sanarwa. Duk wanda ya duba jerin mataimakan da ake tallatawa yau zai gane su.

Misali uku sun isa. ClueBot NG, mai tsaro da ya fara aiki a ƙarshen 2010, yana soke ɓarna cikin daƙiƙoƙi. Masu shi sun ɗaure shi da gangan: kada ya zargi fiye da gyara ɗaya mai kyau cikin dubu, ko da hakan zai sa ya kama kashi 40 cikin ɗari na ɓarnar kawai. Sauran an bar wa mutane. An auna kurensa, an buga shi, an yarda da farashinsa.

Na biyu, ƴan aike masu ƙulla maƙala da takwararta a wani harshe. Da yake kowane sashe yana riƙe da nasa jerin, sai wani bot ya gyara, wani ya mayar. Wani binciken Oxford na 2017 ya kira wannan faɗa, wasu masana kuma suka nuna cewa akasarinsa sabuntawa ce ta yau da kullum. Ko wane ne ya fi gaskiya, maganin bai zo ta ƙara wa ƴan aiken wayo ba. An buɗe Wikidata a 2012, a 2013 aka mayar da duk ƙulle-ƙullen wuri guda, matsalar ta kau. Allo guda ne ya sake yin aiki.

Na uku, mai ƙirƙira da ba shi da mai dubawa daidai ƙarfinsa. Lsjbot na Sverker Johansson ya rubuta miliyoyin gajerun maƙaloli a kan tsirrai da dabbobi da wurare. Da shi sashen harshen Sebuwano na Filifin ya haura maƙala miliyon shida, ya zama na biyu a duniya, alhali editocinsa ƴan kaɗan ne. Editocin sashen Suwidin sun zaɓi wata hanya: suka tsayar da shi, suka share maƙala fiye da miliyon guda. Rubutawa ta yi arha, dubawa ba ta yi ba.

A fannin likitanci ma an bi a hankali. Babban ɗakin karatun likitanci na Amurka ya fara amfani da inji mai ba ma'aikata shawarar kalmomin rarrabawa a 2002. Sai a 2022, bayan shekara ashirin ana gwada shawararsa da hukuncin mutane, aka miƙa masa rarraba maƙalolin MEDLINE, kuma aka bar ma'aikata suna duba wasu fannoni da samfurin abin da ya fitar.

6. Injin harshe: riguna da yawa, jiki guda

Ginin da injunan harshe na yanzu suka tsaya a kai masu bincike na Google ne suka bayyana shi a 2017. An saki ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba 2022, kuma cikin 2023 aka ga tsare-tsare irin su AutoGen da MetaGPT, masu ba da damar a naɗa mataimaka da yawa su yi aiki tare. A nan ne tarihi ya yi wata kwana da ya kamata mu lura da ita. Aljanun Selfridge da ƴan aiken Wikipedia kowanne gininsa dabam ne, kuma ba ya iya yin abin da ba a gina shi dominsa ba. Mataimakan yanzu kuwa, sau da yawa inji guda ne aka ba takardun umurni dabam-dabam: a nan an ce masa kai ne mai rarrabawa, a can an ce masa kai ne mai dubawa. Riguna biyar ne a jikin mutum guda.

Illar wannan ta bayyana a wata kotun New York cikin 2023. Lauyoyi sun gabatar da takarda mai ambaton shari'o'i shida da ba a taɓa yi ba, ChatGPT ne ya ƙago su. Ɗaya daga cikinsu ya ma tambayi injin ko shari'o'in na gaske ne, injin ya ce na gaske ne. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000. An yi dubawa, amma mai yi ne ya duba kansa, kuma gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ko sauya inji ba ya kawar da haɗarin gaba ɗaya. Tun 1986 John Knight da Nancy Leveson suka sa aka rubuta manhaja guda sau 27, kowane marubuci shi kaɗai, suka gwada su sau miliyon. Sun tarar kurakuran suna haɗuwa a wurare guda fiye da yadda sa'a za ta kawo, domin abin da ya yi wa wannan wuya shi ya yi wa wancan. Injunan da suka koyi harshe daga kusan tarin rubutu guda sun fi kusa da wannan hali. Cikin 2025 masu bincike na jami'ar Berkeley suka bi sawun ayyukan irin waɗannan tsare-tsare, suka fitar da hanyoyin faɗuwa 14 cikin gida uku: umurni da tsari marasa kyau, rashin jituwa tsakanin mataimaka, da raunin dubawa. Matsalar Murray ce, da ta ƴan aiken ƙulle, da wadda Prony ya biya ninki don ya kauce mata.

A taska kuma akwai ƙarin haɗari. Taƙaitawar da mataimaki ya yi yau, idan an ajiye ta ba alama, gobe wani mataimaki zai ɗauke ta a matsayin tushe, jibi kuma a kafa hujja da su biyun. Ba mamaki da editocin Wikipedia ta Ingilishi suka amince, cikin Agusta 2025, da a share nan take duk shafin da ya nuna alamar inji ne ya rubuta shi ba wanda ya duba, kamar ambaton littafin da babu shi.

Kammalawa

Daga wannan tarihi muna fitar da sharuɗɗa biyar ga mai son naɗa mataimakan inji a taska. Na ɗaya, kowane matsayi ya zama ƙunci, a rubuce, da misalai na gama-gari tare da na baƙo. Na biyu, a tsayar da siffar bayani da kalmomin rarrabawa kafin a zaɓi inji. Na uku, kome ya bi ta allo guda: wa ya yi, yaushe, daga wane tushe, kuma kada aikin inji ya gauraya da asali. Na huɗu, mai dubawa ya zo ta wata hanya: ya koma ga takardar asali, ko ya gwada da rajista, ko ya zama mutum mai ɗaukar samfuri yana ƙirga kure. Na biyar, a naɗa matsayin da kowa ke mantawa, wato mai neman abin da ya ɓace da mai share abin da ya lalace, kuma a san mutumin da zai amsa tambaya idan abu ya ɓaci.

Dangance da ƙasarmu, maganar ba ta nesa ba ce. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai, wanda Boubou Hama ya aza harsashin tarinsa, yana riƙe da kundaye wajen 4,000. Cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a Yamai cikin 1968, tana da faya-fayen tarihin baka na harsuna da yawa. Duk aikin mayar da irin wannan kaya cikin kwamfuta zai ja hankali zuwa ga mataimakan inji, sabili da ƙarancin ma'aikata da kuɗi. Amma injunan sun fi ƙoshi da Ingilishi da Faransanci, alhali ajami ba shi da ƙa'idar rubutu guda, kuma Hausar Tawa dabam take da ta Damagaram. Inda inji ya fi rauni nan ne masu iya kama kurensa suka fi ƙaranci.

Sai dai ba mu rasa abin koyi a gida ba. Masu kwafar littattafai na wannan yanki sun san muƙabala: bayan an gama kwafi, wani ya riƙe asali yana karantawa, wani ya bi sabon, a rubuta gyara a gefen shafi da alamar an inganta. Ɗakin aiki biyu na Prony ke nan, a zauren malam. Shawararmu ga duk sashen da zai shiga wannan aiki ita ce, kafin ya ƙirga mataimaka nawa zai naɗa, ya fara ware kuɗin mai muƙabala, ya kuma auna yawan abin da za a shigar a taska da yawan abin da zai iya dubawa.